Kanar ko Dakta: wa ke da maganar ƙarshe a finafinan kimiyya na talabijin?

A ranar 24 ga Janairun 2020, a wa'adin mulkinsa na farko, Donald Trump ya wallafa tambarin sabuwar rundunar sojin sararin samaniya ta Amurka, wadda aka kafa ranar 20 ga Disamban 2019. Kafin gari ya waye mutane sun jera shi kusa da tambarin Starfleet, rundunar da ke cikin shirin talabijin na Star Trek, suna cewa an kwaikwaya. Rundunar ta mayar da martani cewa alamar nan mai kama da kan kibiya tana jikin sassan sojin sama masu kula da sararin samaniya tun 1961, shekara biyar kafin a fara shirin. Barkwancin bai daɗe ba ya lafa, amma ya tono wata tsohuwar gardama. Masoya shirin da yawa sun ce Starfleet taron masu bincike ce, babu ruwanta da aikin soja. Wasu suka ce, to in haka ne me ya kawo kyaftin da admiral da kotun soja da makamai a cikin kumbon?

Wanda ya saba kallon irin waɗannan shirye-shirye ya san wurin da gardamar take fitowa fili. Ana zaune a ɗakin taro, wani abu da ba a san kansa ba ya tunkaro, mai farar riga ya nemi a ba shi awa shida ya gane mene ne, mai kaki ya ce minti ashirin gare shi, daga nan za a buɗe wuta. Tun shekarun 1950 ake maimaita wannan zama a talabijin, kuma mai kallo yakan ɗauka faɗa ne tsakanin mai hankali da mai ƙarfi. Zancen ya fi haka zurfi. Abin da ake ja a kai shi ne wa zai yanke hukunci idan sani bai cika ba, lokaci kuma ya ƙure, sannan wa zai ɗauki alhaki idan abin ya ɓaci.

## Kalmomin da zancen ya rataya a kansu

Ƙagaggen labarin kimiyya labari ne da marubuci ya ɗora a kan abin da kimiyya ba ta kai gare shi ba tukuna, kamar tafiya tsakanin taurari, ko halittun wasu duniyoyi, ko na'ura mai tunani. Bambancinsa da tatsuniya shi ne a tatsuniya Gizo yana yin abin da ya ga dama, ba mai tambayar sa ta yaya. A nan kuwa sai an kawo dalili, ko da dalilin ma ƙirƙirar sa aka yi. Shi ya sa masani ba ya rasa kujera a labarin.

Tunanin kimiyya hanyar aiki ce. Ana farawa da shakka, a gwada, a sake gwadawa, a baje sakamakon a gaban abokan aiki su nemo kuskurensa. Ɗalibi na iya ƙaryata farfesa idan alƙalumansa sun fi. «Ban sani ba tukuna» amsa ce mai mutunci a wannan gida.

Ikon soja kuma ya ginu ne a kan tsanin umarni: hukunci ɗaya, daga bakin mutum ɗaya, a kan kari, kuma shi zai amsa tambaya a kansa gobe. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san ƙa'idar nan ta cewa ka bi umarni tukuna, ƙorafi ya biyo baya. Ba wauta ce ta haife ta ba. Rundunar da kowane kurtu zai tsaya neman hujja kafin ya motsa ba za ta kai labari ba. Haka kuma sirri, wanda masani yake gani a matsayin cikas, shi ne abin da ke hana abokin gaba sanin inda za a ɓullo masa.

Ke nan kowane tsari yana da ma'ana a muhallinsa. Rigima tana tashi ne idan aka kulle su a ɗaki ɗaya.

## Los Alamos, inda aka fara kulle su

A watan Satumban 1942 aka damƙa wa Leslie Groves, hafsan da ya kula da ginin Pentagon, aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka. Shi ya zaɓi J. Robert Oppenheimer ya shugabanci cibiyar bincike ta Los Alamos a jihar New Mexico, duk da jami'an tsaro suna ɗari-ɗari da shi saboda abokansa 'yan kwaminisanci. Da farko an shirya a sa wa masanan kaki a ba su muƙaman soja. Masana biyu, Isidor Rabi da Robert Bacher, suka ƙi, aka ƙare da cewa Jami'ar California ce za ta riƙe cibiyar bisa kwangila, sojoji su riƙe shinge da kuɗi da sirri.

Groves yana son kowane masani ya san ɗan gutsuren aikinsa kawai. Oppenheimer ya nace sai an riƙa taron mako-mako inda masana za su ji abin da juna ke yi, don a ganinsa aikin ba zai yi sauri ba sai da haka. Ya samu abin da yake so, aikin ya yi sauri, kuma a cikin masu halartar irin waɗannan taruka akwai Klaus Fuchs, wanda yake kai wa Tarayyar Sobiyet bayanai. Groves da Oppenheimer duka sun yi gaskiya, kowa a ɓangarensa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan duk wani kyakkyawan labari da aka rubuta a kan batun daga baya.

An gwada bam ɗin ranar 16 ga Yulin 1945, a gwajin da aka raɗa wa suna Trinity. Washegari Leo Szilard, ɗaya daga cikin masanan aikin bam ɗin, ya fitar da takardar koke wadda masana 70 suka sa wa hannu, suna roƙon Shugaba Truman kada a jefa shi kan Japan sai an bayyana mata sharuɗɗan miƙa wuya ta ƙi. Takardar ta bi tsanin umarni, ba ta isa hannun Truman ba har aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta. A 1954 aka ƙwace wa Oppenheimer izinin ganin bayanan sirri, kuma sai a Disamban 2022 gwamnatin Amurka ta soke wannan hukunci. A can Tarayyar Sobiyet ma kusan labarin ɗaya ne. Andrei Sakharov, ɗaya daga cikin masanan da suka ƙera mata bam, ya ba da labarin yadda, a walimar da aka yi bayan gwajin bam na Nuwamban 1955, ya yi fatan kada makaman su taɓa fashewa a kan birane, sai Marshal Mitrofan Nedelin ya mayar masa da wani habaici mai nufin cewa naku ƙerawa, namu sarrafawa.

Marubutan da suka fara rubuta wa talabijin irin waɗannan labarai sun rayu a wannan zamani. Sinima ma ta riga ta raba hanya biyu a shekara ɗaya, 1951: a The Thing from Another World masanin da ya nace sai an yi magana da baƙuwar halitta shi ne ya jefa kowa cikin haɗari, sojoji suka ceci jama'a, a The Day the Earth Stood Still kuwa soja ne ya harbi baƙon da ya zo da saƙon zaman lafiya.

## Landan: farfesa da birgediya

BBC ta kawo rigimar gaban masu kallo a gida. A Quatermass and the Pit, mai kashi shida, wanda Nigel Kneale ya rubuta aka nuna daga Disamban 1958 zuwa Janairun 1959, ma'aikata masu haƙa harsashin gini a Landan sun tono wani abu mai kama da makami. Farfesa Bernard Quatermass ya gano kumbo ne da ya shekara miliyan biyar a binne. Kanar Breen, wanda gwamnati ta ɗora masa a cibiyarsa ta binciken roka don a karkatar da aikin zuwa makamai, ya ce ƙarya ne, wata dabarar farfaganda ce ta Jamusawa da ta rage daga yaƙin duniya na biyu. Minista ya ɗauki maganar kanar, aka gayyato 'yan jarida, aka ja wayoyin lantarki zuwa ramin, abin ya farka, Breen ya ƙone a wurin.

Abin lura shi ne zaton Breen ba na banza ba ne. A Landan ta wancan lokaci tono bam ɗin Jamus da bai fashe ba abu ne da aka saba gani. Laifinsa a labarin shi ne ya riga ya yanke hukunci, hujja kuma ta yi ta zuwa yana kau da kai.

Doctor Who, wanda aka fara ranar 23 ga Nuwamban 1963, ya mayar da wannan saɓani zaman yau da kullum. Daga 1970 jarumin shirin, Dakta, ya zama mai ba da shawara kan kimiyya ga wata runduna mai suna UNIT, ƙarƙashin Birgediya Lethbridge-Stewart. Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na halittun Silurian, wanda Malcolm Hulke ya rubuta a wannan shekara. A wata cibiyar binciken nukiliya da ke cikin kogunan dutse a Derbyshire, an tashi wasu halittu masu kama da ƙadangaru, waɗanda suka mallaki duniya tun kafin ɗan Adam, suka shiga dogon barci. Dakta ya shawo kan tsohon shugabansu ya yarda a raba duniya. Wani matashi a cikinsu ya saki annoba, ya kashe tsohon, mutane suka fara faɗuwa matattu har a Landan. Dakta ya samo magani, ya yi dabarar da ta mayar da halittun barci, yana shirin tashin su ɗaya bayan ɗaya a yi sulhu. Yana barin wurin Birgediya ya tarwatsa kogunan da nakiya. Dakta ya kira abin kisan kai.

Ƙarfin wannan labari yana cikin cewa bai wanke kowa ba. Halittun nan sun riga sun yi yunƙurin ƙarar da ɗan Adam, wanda ya yarda da sulhu a cikinsu kuma nasa ne suka kashe shi. Hafsan da ya ga gawawwaki a tashar jirgin ƙasa, da wane ido zai dubi jama'a idan ya bar su suka sake farkawa? A ɗaya ɓangaren, an hallaka al'umma mai hankali da tarihi tana barci, kuma an yi wa mai shiga tsakani rufa-rufa. Bayan duk wannan Dakta bai bar UNIT ba, domin a wurinsu yake samun ɗakin gwaji da kayan aiki. Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski. Sai a 2012 shirin ya kawo 'yar Birgediya, Kate Stewart, tana jan ragamar rundunar a matsayin shugabar sashen bincike, tana cewa yanzu kimiyya ce ke gaba.

## Star Trek: duka biyun a riga ɗaya

Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek a 1966, ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin B-17 a yaƙin duniya na biyu, daga baya ya yi aikin ɗan sanda a Los Angeles. Maganin da ya kawo wa rigimar shi ne ya sa wa masani kaki. Spock shi ne jami'in kimiyya, shi ne kuma mataimakin kyaftin. A sabon zubin shirin, wanda aka yi daga 1987 zuwa 1994, Kyaftin Picard ya faɗa da bakinsa cewa Starfleet ba ƙungiyar soja ba ce, bincike ne aikinta, ko da yake kumbonsa yana ɗauke da makaman da za su iya rushe birni.

Da aka haɗa su a riga ɗaya, sai rigimar ta koma cikin zuciyar mutum ɗaya. A wani kashi na 1967, wata halitta mai suna Horta ta kashe ma'aikatan haƙar ma'adinai kimanin hamsin. Spock ya so a kama ta da rai don watakila ita kaɗai ta rage a jinsinta, Kyaftin Kirk ya ce a kashe. Da Kirk ya yi arba da ita a cikin rami, sai suka yi musayar matsayi: Spock ne ke cewa ya harbe ta kafin ta kashe shi, Kirk ya ƙi. Ashe uwa ce, ƙwayayenta ma'aikatan suke fasawa ba su sani ba.

Star Trek: Discovery na 2017 ya dawo da tsohon salon Los Alamos ƙarara. Paul Stamets masanin naman gwari ne da yaƙi ya ci bincikensa, aka raba shi da abokin aikinsa aka sa kowa a kumbon yaƙi daban, Kyaftin Lorca yana matsa masa lamba ya mayar da bincikensa hanyar kai hari.

## Stargate: tsari uku, an gwada kowanne

Babu shirin da ya juya wannan batu ta kowace fuska kamar Stargate. A Stargate SG-1, wanda ya yi zango goma da kashi 214 daga 1997 zuwa 2007, sojin saman Amurka ne ke riƙe da wata ƙofa da ke kai mutum wasu duniyoyi, a ƙarƙashin dutsen Cheyenne a jihar Colorado. Tawagar tana da Kanar Jack O'Neill a gaba, da Daniel Jackson, farar hula masanin kayan tarihi da harsuna, da Samantha Carter, wadda hafsa ce kuma masaniyar taurari.

A wani kashi na shekarar 2000 tawagar ta haɗu da mutanen Euronda, waɗanda yaƙi ya kusa cinyewa, suka yi tayin ba da fasahar makamai da magunguna a ba su ruwa mai nauyi da injinansu ke bukata. Umarnin da aka ba O'Neill tun farko shi ne ya samo fasahar da za ta kare duniya, ga ta kuwa an miƙo masa. Jackson ya tsaya yana tambaya: su wa suke yaƙa, me ya haɗa su? O'Neill ya daka masa tsawa ya yi shiru a gaban baƙi. Daga baya ta bayyana mutanen Euronda ne suka tayar da yaƙin, masu aƙidar tsarkin jinsi ne da suka sa wa duniyarsu guba don su ƙarar da waɗanda ba irinsu ba. O'Neill ya ba Jackson haƙuri. Amma a duba abin da ya biyo baya: hukuncin rufe ƙofa a fuskar shugaban Euronda, wanda ya yi sanadin mutuwarsa, O'Neill ne ya yanke shi shi kaɗai, bai shawarci kowa ba. Masani ya gano gaskiya, hafsa ya riƙe maganar ƙarshe.

Stargate Atlantis, daga 2004 zuwa 2009, ya juya tsarin. Farar hula, Dakta Elizabeth Weir, ita ce shugaba, sojoji suna ƙarƙashinta. A nan aka yi kashin da aka raɗa wa suna Trinity, sunan gwajin 1945. Dakta Rodney McKay ya tarar da wata tashar makamashi da ta gagari waɗanda suka ƙera ta, ya rantse shi zai iya. Gwajin farko ya ci ran wani masani. Abokin aikinsa Zelenka ya gargaɗe shi cewa lissafin ba zai yiwu ba, ya yi watsi da shi. Wanda ya goya masa baya a sake gwadawa shi ne Kanar Caldwell, don yana hango makami. Ƙarshenta McKay ya tarwatsa mafi yawan rukunin duniyoyin da ke kewaye da wata rana. A wannan karon babu saɓani tsakanin dakta da kanar, bakinsu ɗaya, kuma shi ne ya jawo ɓarnar.

Stargate Universe, daga 2009 zuwa 2011, ya cire duk wani mai raba faɗa. An kai hari wani sansani, maimakon Dakta Nicholas Rush ya buɗe ƙofar komawa gida sai ya buɗe wadda ya shekara yana nema, mutane kimanin tamanin suka tsinci kansu a wani tsohon kumbo mai suna Destiny, nesa da duniya yadda babu hanyar dawowa. Rush ne kaɗai ya fahimci kumbon sosai, Kanar Everett Young ne ke da bindigogi. Rush ya ƙulla wa Young sharrin kisa don a tsige shi. Young ya lakaɗa masa duka ya bar shi a wata duniya, ya dawo ya yi ƙarya. Da Rush ya kuɓuta, ya haɗa kai da Camile Wray, wakiliyar hukumar farar hula, suka yi yunƙurin ƙwace kumbon daga hannun sojoji. Sauran mutanen, masu dafa abinci da ƙananan ma'aikata da 'yar sanata, suna tsakiya suna jiran ganin wanda zai rage musu ruwan sha.

## Idan masanin ne abin tsoro

Battlestar Galactica, wanda aka sabunta a 2003, ya zo ne bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma yanayin lokacin ya bayyana a jikinsa. Dakta Gaius Baltar ne ya ba wata mace damar shiga kwamfutocin tsaro, bai san mutum-mutumi ce ta abokan gaba ba, aka shafe duniyoyi goma sha biyu, mutum kimanin 50,000 suka tsira. Kumbon Kwamanda Adama ya tsira ne don tsohon sojan ya ƙi yarda a haɗa kwamfutocinsa da juna, abin da ake yi wa kallon ƙauyanci. Daga baya Baltar ya nemi a ba shi kan makamin nukiliya don ya ƙera na'urar gano maƙiya, aka ba shi don babu wanda zai iya tantance maganarsa, makamin kuma ya ƙare a hannun maƙiyan.

Wannan ita ce matsalar da kowane kwamanda ke fuskanta a gaban gwani: ba shi da hanyar auna abin da aka gaya masa. Shugaba Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya ambaci haɗarin biyu a jawabinsa na bankwana ranar 17 ga Janairun 1961. An fi tuna gargaɗinsa kan ƙawancen sojoji da kamfanonin makamai, amma a jawabin ya kuma yi gargaɗi kada manufofin ƙasa su zama fursunan wasu tsirarun masana kimiyya da fasaha.

## Hujjar kowane ɓangare, da inda marubuci ke maguɗi

Masu goyon bayan masani suna cewa harbin abin da ba ka fahimta ba caca ce da ran jama'a, kuma tsarin da ke hukunta mai faɗin gaskiya saboda ƙanƙantar muƙaminsa zai wayi gari babu mai gaya masa gaskiya. Suna kawo shirin Babylon 5, inda Dakta Stephen Franklin ya lalata bayanansa kan jikin halittun Minbari, waɗanda suke yaƙi da 'yan Adam har suna neman shafe su, don kada a haɗa makamin ƙare-dangi da su, ya yarda a tsare shi.

Masu goyon bayan hafsa suna cewa jira ma hukunci ne, kuma yana da gawawwakinsa. Masani zai iya kuskure ya rubuta takarda ya gyara, kwamanda kuwa shi ke rubuta wa iyalan mamata wasiƙa. Suna kuma tambaya: wa ya zaɓi Franklin ya yanke wa duniyar da ake shirin shafewa hukunci shi kaɗai? Hafsa aƙalla yana ƙarƙashin doka da gwamnati.

Sai dai mai kallo ya san cewa alƙalin wasan, wato marubuci, ya riga ya san amsa. A talabijin hasashen masani yakan tabbata kafin minti arba'in da biyar su cika, alhali a zahiri yawancin hasashe faɗuwa yake yi, kuma sakamako yakan ɗauki shekaru. Mutum ɗaya ne kuma yake sanin ilimin taurari da likitanci da harsunan da suka mutu, abin da a duniya aikin ɗaruruwan mutane ne masu gardama da juna. Agogon da ake nunawa yana ƙirga daƙiƙu shi ma maguɗi ne, amma don amfanin hafsa, domin yawancin hukunce-hukuncen tsaro ana yanke su ne a ofis cikin watanni, inda akwai sararin sauraron mai ja.

Akwai kuma batun wanda ya ba da aron kaki. Sojin saman Amurka sun yi aiki da masu shirya Stargate SG-1, suna duba rubutun suna ba da jiragen sama. Manyan hafsoshin rundunar biyu, Janar Michael Ryan a 2001 da Janar John Jumper a 2004, sun fito a shirin da kansu, kuma a 2004 aka ba jarumin shirin, Richard Dean Anderson, muƙamin birgediya janar na girmamawa. Ba mamaki da a shirin mugunta ta fi fitowa daga wata hukumar leƙen asiri da wani sanata mai suna Kinsey, janar ɗin sansanin kuwa dattijon arziki ne. Labarin halittun Silurian kuma ya fito ne daga alƙalamin Malcolm Hulke, wanda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminisanci ta Birtaniya.

## Mutumin da ba a gayyata ɗakin taron ba

Tasirin farko a kan mai kallo shi ne yadda yake auna masana a rayuwa ta zahiri. Wanda ya saba ganin dakta ya kawo amsa kafin a tafi talla zai iya ɗaukar sauya shawara a lokacin annoba a matsayin ƙarya ko rashin iya aiki, alhali haka kimiyya take tafiya. Wanda kuma ya saba ganin kanar ya buga tebur komai ya daidaita zai iya ganin majalisa da kotu da 'yan jarida a matsayin masu ɓata lokaci. A ƙasashen da suka ɗanɗana mulkin soja wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Na biyu, a yawancin waɗannan labarai mutanen da hukuncin zai faɗa wa ba sa cikin ɗakin. A Stargate SG-1 an shekara goma ana yaƙi da sunan duniya, jama'ar duniya ba su ma san da ƙofar ba. Yammacin Afirka ya taɓa zama a wannan matsayi. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Masana da hafsoshi ne suka zaɓi wurin tare, ba a tambayi makiyayi ko manomin da iska za ta kai wa ƙurar ba. Ghana ta Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa, Najeriya kuma ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Takardun sojin Faransa da aka fitar daga sirri bayan fiye da shekara hamsin sun nuna ƙurar ta bazu a kan yanki mai faɗi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Yau rigimar ta koma fagen ƙirƙirarriyar basira da jirage marasa matuƙa. A 2017 ma'aikatar tsaron Amurka ta fara shirin Maven, don kwamfuta ta riƙa tantance mutane da motoci a hotunan da jiragen ke ɗauka. A Afrilun 2018 ma'aikatan Google sama da 3,000 suka sa hannu a takardar neman kamfanin ya janye, kuma a watan Yuni ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Ba kamar takardar Szilard ba, wannan ta isa inda aka aike ta. Shirin dai bai tsaya ba, wasu kamfanoni suka karɓa, kuma a Fabrairun 2025 Google ya cire alkawarin ƙin amfani da wannan fasaha wajen makamai daga cikin ƙa'idojinsa.